Casio fx-991EX a gaban manyan adadi: inda take faɗin gaskiya da inda take yin gum

Kalkuletar ɗan canji mai manyan maɓallai, irin wadda ake gani a kan tebur a Broad Street ko a hannun dillalin albasa a Mile 12, lambobi 12 take jerawa cif. Casio fx-991EX, wadda ɗalibin injiniya a Akoka ko Yaba yake cire kuɗi mai kauri ya saya, 10 kacal take nunawa. Da yawa ba sa lura da haka sai ranar da amsa ta kai biliyan 10, su ga adadin ya rikiɗe ya koma wani abu mai ×10 da 'yar lamba a saman kai. Daga nan ake fara zargin na'urar, alhali ba a nan hatsarinta yake ba.

Na'ura ce mai kyau, kuma ta ci kuɗinta. Tun 2015 take kasuwa a cikin jerin ClassWiz, tana da ayyuka 552, fuskarta tana rubuta lissafi yadda ake rubuta shi a littafi, tana aiki da hasken rana haɗe da batir LR44 guda ɗaya. Ga ɗan sakandare ko ɗan jami'a mai fama da aljebra da kididdiga, da wuya a samu wadda ta fi ta a wannan aji. Abin da za a duba a nan shi ne aiki ɗaya tak: yadda take yi da cikakken adadi idan ya yi girma ƙwarai, irin wanda ake so a san lambobinsa nawa, da me ya fara, da me ya ƙare, da abin da ke raba shi ba saura. Malaman da ke koyar da lissafi da yamma a Agege da Idi-Araba suna cin karo da irin waɗannan tambayoyi, kuma yaro ya fi yarda da fuskar kalkuleta a kan bakin malaminsa.

Iyaka ta sama ita ce mafi sauƙi, domin na'urar da kanta take sanar da kai. Ba ta ɗaukar adadin da ya kai 10^100, wato 1 mai bin sifiri 100. Buga 69!, wato faktoriyal, 1 × 2 × 3 har zuwa 69, za ta ba ka 1.711224524×10^98. Buga 70! sai ta rubuta Math ERROR, saboda amsar ta haura 1.19×10^100. Haka 2^332 yana shiga, 2^333 ba ya shiga. Wannan ba laifi ba ne. Wanda ya ce maka kaya sun fi ƙarfinsa ya fita hakkinka.

Iyakar da ke cutarwa ita ce ta tsakiya. Fuskar tana nuna lambobi 10, amma a ciki na'urar tana riƙe da 15. Biyar ɗin da ba ka gani suna nan, kuma ana iya zaƙulo su. Ɗauki 2^40. Fuska za ta nuna 1.099511628×10^12. Yanzu danna Ans, maɓallin da ke dawo da amsar baya, ka ɗebe 1.0995×10^12, sai 11627776 ya fito. Idan ka manna shi a bayan 10995 ka samu 1099511627776, cikakkiyar amsa mai lambobi 13. Ka lura cewa 8 ɗin da ke ƙarshen fuskar tun farko ba ta gaskiya ba ce, 7776 ne aka cike ya zama 8. Ɗalibin da ya kwafi 1099511628000 a takarda ya rubuta adadin da ko kusa ba zai zama ninkin 2 zalla ba, tunda 5 tana raba shi.

Wannan dabara tana aiki har zuwa 2^49, wato 562949953421312, mai lambobi 15 daidai. Daga 2^50, mai lambobi 16, wutsiyar adadin ta faɗi, kuma babu wata alama a fuska da za ta gaya maka. Babu ƙara, babu rubutu, amsar tana fitowa fes kamar kowacce. Gwada 10^20 + 1 − 10^20. Yaron firamare ya san 1 ce amsar. Kalkuleta za ta ce 0, domin lokacin da ta haɗa 1 da 10^20 babu gurbin da za ta ajiye ta, sai ta zubar. A faktoriyal ma haka ne: 13! wato 6227020800 shi ne na ƙarshe da ke fitowa a jere, 20! shi ne na ƙarshe da ke zaune lafiya a ciki, domin 2432902008176640000 lambobi 15 ne idan an cire sifiri 4 na ƙarshe. Daga 21! kiyasi ne kawai.

Misalin da ya kamata kowane malami ya nuna wa ajinsa shi ne wannan. Buga 3987^12 + 4365^12, za ka ga 6.397665635×10^43. Buga 4472^12, za ka ga 6.397665635×10^43. Iri ɗaya sak. Da gaske ne daidai suke, da an rushe sanannen zancen Fermat wanda Andrew Wiles ya kammala tabbatarwa a 1994, cewa babu cikakkun adadi uku sama da sifiri da za su yi haka idan lambar saman kai ta wuce 2. Ba sai an je wurin Wiles ba ma. Haɗa lambobin 3987, ka samu 27. Haɗa na 4365, ka samu 18. Duka biyun 3 tana raba su, don haka tana raba jimillar ɓangaren hagu. Lambobin 4472 kuwa 17 suke bayarwa, 3 ba ta raba shi, ba kuma za ta raba ninkinsa ba komai yawan ninkawar. Ɓangarorin biyu sun yi tarayya ne a lambobi 10 na farko kaɗai, a ta 11 suka rabu. Idan ka ɗebe ɗaya daga ɗaya a layi guda, na'urar za ta nuna bambancin kusan 1.21×10^33, adadin da ya fi duk kuɗin duniya nesa ba kusa ba, amma a amsoshin nan biyu na farko fuskar ta haɗiye shi ba ta nuna komai ba.

Ba Casio kaɗai ke da wannan hali ba, kuma wannan ya shafi masu POS da masu shagon buga takardu. Excel ma lambobi 15 yake riƙewa. Lambar asusun banki mai 10, ko BVN da NIN masu 11, suna shiga lafiya, sai dai sifirin farko yakan ɓace. Amma ka rubuta lambar kati mai 16, ta ƙarshe za ta koma 0. Ka rubuta lambar katin mita mai 20, biyar na ƙarshe duk sifiri. Maganin shi ne a mayar da gurbin na rubutu kafin a buga, ko a fara da alamar ' a gaba.

Idan ana son cikakkiyar amsar ninkawa da ta wuce 15, sai a yanka adadin gunduwa-gunduwa. Ga 123456789 × 987654321, wanda fuska ke nunawa 1.219326311×10^17. Yanke lambobi 4 na ƙarshen kowanne: na farko ya zama 12345 da 6789, na biyu 98765 da 4321. Wutsiya sau wutsiya, 6789 × 4321, ya ba da 29335269. Ajiye 5269, ka ɗauki 2933 zuwa gaba. Sai na tsakiya: 12345 × 4321 ya ba da 53342745, 6789 × 98765 ya ba da 670515585, haɗa su da 2933 ka samu 723861263. Ajiye 1263, ka ɗauki 72386. Kai sau kai, 12345 × 98765, ya ba da 1219253925, da 72386 ya zama 1219326311. Jera su: 121932631112635269. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne idan gunduwar da za a ajiye ta fara da sifiri, kamar 0263, sai mutum ya rubuta 263, adadin gaba ɗaya ya gurgunce da gurbi ɗaya. Kada kuma a yanka gunduwar da ta wuce lambobi 5, domin mai lambobi 5 sau mai lambobi 5 shi ne iyakar abin da fuska za ta nuna a jere.

Maɓallin da ya fi burgewa a wannan aiki shi ne FACT, wanda ke farfasa adadi zuwa tubalansa, wato adadin nan gagara-rabo da ba mai raba su sai 1 da kansu, waɗanda ɗalibai suka sani da firaim. Ana buga adadin, a danna =, sannan SHIFT da maɓallin digiri da minti. Yana karɓar adadi har mai lambobi 10. Buga 4294967297, wato 2^32 + 1. A 1640 Fermat ya ɗauka wannan gagara-rabo ne, sai a 1732 Euler ya nuna 641 tana raba shi. Na'urar tana fito da 641 nan take, sannan ta sa 6700417 a cikin baka biyu.

Wannan baka ita ce mutane ba sa karantawa daidai. Ba tana nufin abin da ke ciki gagara-rabo ba ne. Tana nufin na'urar ta tsaya a nan, ba ta iya ci gaba ba. Littafin na'urar ya faɗi sharaɗin: ba ta gamawa idan ɗaya daga tubalan ya kai 1018081, ko idan biyu daga cikinsu sun wuce lambobi 3. Wannan adadi ba a banza ya zo ba, 1009 × 1009 ne, kuma 1009 shi ne gagara-rabo na farko bayan 1000. Daga nan za a fahimci cewa gwajinta bai wuce gagara-rabo 168 da ke ƙasa da 1000 ba, daga 2 zuwa 997. Idan abin da ya rage bai kai 1018081 ba, dole gagara-rabo ne, sai ta rubuta shi ba baka. Idan ya kai, ba ta da tabbas, sai ta rufe shi. Shi ya sa 2147483647, wanda Euler ya tabbatar gagara-rabo ne a 1772, yake fitowa cikin baka, haka ma 1022117 yake fitowa cikin baka, alhali shi 1009 × 1013 ne. A nan Casio sun kyauta, domin na'urar ta nuna iyakar saninta. Da haka take yi a wurin lambobi 15 da babu abin ƙorafi.

Wanda ya san ɗan aljebra zai ja FACT ya wuce lambobi 10. Kowa ya san lissafin ƙwayar hatsi a kan allon dara mai gida 64, ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, har ƙarshe. Jimillar ita ce 2^64 − 1, wato 18446744073709551615, lambobi 20, wanda FACT ba zai taɓa ba. Amma 2^64 − 1 daidai yake da 2^32 − 1 sau 2^32 + 1, kowanne kuma lambobi 10 ne. Na farko, 4294967295, yana fashewa tas: 3 × 5 × 17 × 257 × 65537. Na biyu mun riga mun gani. Tubali 7 ke nan, kuma 6700417 da aka bari cikin baka shi ma gagara-rabo ne, sai dai ba daga wannan na'ura za ka ji haka ba.

Adadin da ya haura 10^100 kuwa, ba a shigar da shi, amma ana yi masa tambaya ta bayan gida, da log. Gagara-rabo mafi girma da GIMPS, ƙungiyar 'yan sa-kai masu neman manyan gagara-rabo da kwamfuta, ta sanar a Oktoban 2024, wanda Luke Durant ya gano, shi ne 2^136279841 − 1. Lambobinsa nawa? Buga 136279841 × log 2, fuska za ta nuna 41024319.95. Watsar da abin da ke bayan ɗigo, ka ƙara 1: lambobi 41,024,320. Ɗebe 1 ɗin nan ba ya canza yawan, domin ninkin 2 zalla ba ya taɓa zama 1 mai bin sifiri. Kada mutum ya cike 41024319.95 zuwa sama sannan ya sake ƙara 1, kuskure ne da ake yawan yi. Don a ji nauyin abin: da za a buga shi lambobi 3,000 a kowane shafi, sai an ci shafi 13,675, rim 27 na takarda da ɗoriya.

Da me ya fara? Daga Ans ɗebe 41024319, sai 0.945318 da 'yan kai ya rage. Ɗora 10 a kan wannan, ka samu 8.8169 da saura, wato adadin ya fara da 88169. A nan ma sai an yi hattara. Cikin lambobi 15 da na'urar ke riƙewa, 8 sun tafi a gaban ɗigo, 7 kaɗai suka rage a baya, don haka fuska za ta cika maka lambobi 10 amma 5 ko 6 na farko ne abin dogaro. Sauran cikon fuska ne.

Da me ya ƙare? Wannan ba aikin log ba ne, aikin zagaye ne. Lambar ƙarshe ta ninkin 2 tana juyawa 2, 4, 8, 6, ta dawo. Uku na ƙarshe suna juyawa duk bayan taki 100, muddin an wuce 2^2. Tunda 136279841 ya ƙare da 41, wutsiyarsa ɗaya ce da ta 2^41. Fuska za ta nuna 2.199023256×10^12, ɗebe 2.199×10^12 ka ga 23255552. Uku na ƙarshe 552, a cire 1, saura 551. Ke nan da na'urar da ba ta iya riƙe lambobi 16 an san tsawon adadi mai lambobi miliyan 41, an san kansa, an san wutsiyarsa. Haka ake yi wa 100! wanda ya ƙi shiga: danna SHIFT da maɓallin x don samun Σ, ka tara log x daga 1 zuwa 100, amsar 157.97 ce, wato lambobi 158. Sifirin ƙarshensa kuwa da ka ake yi: 100 ÷ 5 ya ba da 20, 100 ÷ 25 ya ba da 4, sifiri 24.

Neman saura bayan rabawa yana da wata hanya da ba kowa ya sani ba. Danna MENU sannan 3, ka shiga Base-N, ka zauna a DEC. A can na'urar ba ta san ɗigo ba, duk rabawa tana yanke abin da ke bayansa. Buga 65536 ÷ 641 ta ba ka 102 cif. Ninka 102 × 641 ka ɗebe daga 65536, saura 154. Wannan shi ne sauran 2^16. Ninka 154 da kansa, 23716, ka sake yi, saura 640, wato sauran 2^32. Ƙara 1 ya zama 641, abin da Euler ya gani ke nan. Da irin wannan ninka-ka-rage ana bin adadi komai girmansa ba tare da an taɓa rubuta shi ba. Sharaɗin kawai shi ne Base-N ba ya wuce 2147483647, don haka abin da za ka ninka da kansa kada ya haura 46340.

Akwai wurin da ya kamata a ajiye ta a ɗauki waya ko kwamfuta. Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, ba ya yanke cikakken adadi, 2**64-1 yana fitowa da lambobinsa 20, kuma pow(2,136279841,1000) yana ba da 552 kafin ƙiftawar ido. Sai dai daga Python 3.11 ba ya yarda ya rubuta adadin da ya wuce lambobi 4,300 sai an ɗaga masa iyakar da sys.set_int_max_str_digits. PARI/GP, shirin lissafi na kwamfuta wanda kyauta ne, ya fi dacewa da farfasawa. Ba shi factor(2^67-1) zai dawo maka da 193707721 × 761838257287, tubalan da Frank Nelson Cole ya ninka da alli a gaban taron masana lissafi a New York a 1903. FACT ba zai kai ko ƙofar wannan ba. Magajiyar wannan na'ura, fx-991CW, tana riƙe lambobi a ciki fiye da 15, amma fuskarta 10 ce, iyakarta 10^100 ce, kuma farfasawa ta koma cikin maɓallin FORMAT, sai an ƙara dannawa kafin a kai.

Wajen saye ne ake bukatar buɗe ido. Tunda CW ta fito, EX ta asali ta yi ƙaranci, jabu kuma sun yi yawa, har kwali da murfi suna kwaikwayo. Ko a Computer Village ne a Ikeja, ko shagunan littattafai na Yaba, ko a intanet, farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa abin tsoro ne. Kada ka biya sai ka kunna. Danna SHIFT da OPTN ka ga lambar QR ta fito sarai, ka ɗauke ta da waya ka ga ta kai ka shafin Casio. Karkata fuskar ka duba ko rubutun yana dusashewa. Tara log x daga 1 zuwa 100: ta asali tana gamawa ba ɓata lokaci, jabu takan tsaya nuƙu-nuƙu. Sannan 69! da 70!, sannan FACT a kan 4294967295 ka ga tubali 5 ba baka. Idan ta shiga hannu, a riƙa mayar da murfinta kafin a jefa ta cikin jaka a shiga danfo, domin gilashin ba ya jure matsi. Da zarar fuska ta fara dishi-dishi a cikin ɗaki a canza LR44, kada a bar mataccen batir ya kwana biyu a ciki, laimar Legas ba ta daɗewa take sa mazauninsa tsatsa.